Ranakun Tarihi a Oklahoma: Daga Ina Ya Kamata a Fara Ƙidaya?

Kowace shekara idan watan Afrilu ya kama, garin Guthrie da ke tsakiyar jihar Oklahoma ta Amurka kan cika da baƙi. A hau dawakai, a jawo kekunan doki irin na da, mata su sa dogayen riguna na zamanin kakanninsu, makaɗa su bi titi. Abin da ake tunawa shi ne ranar 22 ga Afrilu, 1889, ranar da mutum kusan 50,000 suka yi sahu a bakin iyaka, suka jira sojoji su harba bindiga da tsakar rana, sannan suka kwasa a guje, kowa na neman filin da zai kafa turke ya ce nasa ne. Wasu a kan doki, wasu a cikin jirgin ƙasa, wasu a ƙafa. Da safiyar ranar, Guthrie da Oklahoma City 'yan tashoshin jirgi ne a tsakiyar ciyawa. Kafin magariba kowannensu ya zama garin tantuna mai mutum wajen 10,000. Wannan tseren kama fili shi ne labarin da aka daɗe ana koya wa yaran jihar a matsayin mafarin ƙasarsu.

Ranar da al'umma ta zaɓa ta ce daga nan tarihinta ya fara, hukunci ce take yankewa a kan wanda ake lissafawa cikin masu ƙasa da wanda aka bari a waje. Idan aka ce Oklahoma ta fara a 1889, an share shekaru kusan sittin na gwamnatoci da kotuna da makarantu da jaridu da suka rigayi tseren, an kuma share alƙawuran da sai da aka karya su kafin a sami filin da za a yi tsere a kai. Abin da wannan rahoto ke kira gare shi shi ne a bar wa jikokin masu tsere bikinsu, amma a jera ranakun yadda suka faru, a ba kowace matsayinta: 1830, 1839, 1866, 1889, 1907. Duk wadda aka ɗauke ita kaɗai aka yi mata biki, labarin da za ta bayar gurgu ne.

Kafin a harba bindiga

Tun kafin Bature ya taka yankin akwai mutane a cikinsa. Tuddan Spiro da ke gabashin jihar, inda aka tono kayan tagulla da na bawon kifin teku masu zane, shaida ne cewa an yi babbar cibiyar ibada da kasuwanci a wurin ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Kolumbus. Ƙabilun Caddo da Wichita suna noma a can, Osage na farauta a arewa maso gabas, Comanche da Kiowa na bin garken ɓauna a filayen yamma. Amma ranar da ta canza yankin baki ɗaya ita ce 28 ga Mayu, 1830, lokacin da shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa, daga gabashin Kogin Mississippi zuwa yammacinsa. Dalilin bai ɓuya ba. Manoman auduga na Jojiya da Alabama da Mississippi suna son ƙasar, an kuma gano zinariya a yankin Cherokee da ke Jojiya.

Manyan al'ummu biyar aka tasa a gaba: Choctaw, Creek, Chickasaw, Cherokee da Seminole. Choctaw ne suka fara tafiya daga 1831. Su kuwa Cherokee sun kai ƙara, har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1832 cewa dokokin jihar Jojiya ba su da iko a ƙasarsu, amma hukuncin bai sami mai zartar da shi ba. A 1835 wasu 'yan tsiraru daga cikinsu suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota ba da yawun shugabansu John Ross da majalisarsu ba, gwamnati kuwa ta riƙe wannan takarda hujja. Tsakanin 1838 da 1839 aka kori mutum kusan 16,000, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin 4,000 sun mutu a sansanonin tsarewa da kan hanya, saboda sanyi da yunwa da cuta. Ita ce tafiyar da ake kira Tafarkin Hawaye. A madadin abin da aka ƙwace, an ba su takardun mallakar sabuwar ƙasa a yamma, da alƙawarin cewa ba za a taɓa haɗa ta cikin wata jiha ba sai da yardarsu.

Abin da suka yi da wannan ƙasa shi ne ɓangaren da bikin 1889 ya fi dannewa. Ranar 6 ga Satumba, 1839, watanni kaɗan bayan isowar ayarin ƙarshe, Cherokee suka amince da sabon kundin tsarin mulki, suka mai da Tahlequah hedkwata. A 1844 suka fara buga jarida mai suna Cherokee Advocate da Ingilishi da kuma harshensu, cikin baƙaƙen da wani ɗan ƙabilar, Sequoyah, ya ƙirƙiro ya kammala a 1821. A 1851 suka buɗe manyan makarantu biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, da kuɗin baitulmalinsu. Garin Tulsa ma, wanda yau shi ne na biyu a girma a jihar, mutanen Creek ne suka kafa shi a 1836, a gindin wata bishiya da har yanzu take tsaye. Ke nan lokacin da aka harba bindigar tsere, Tulsa ta haura shekara hamsin, Tahlequah kuwa tana cika hamsin.

Yadda fili ya zama na rabo

Filin da aka yi tsere a kansa, eka kusan miliyan 2, gwamnati ta kira shi filin da ba a ba kowa ba. Yadda ya zama haka yana cikin shekarar 1866. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, shugabannin al'ummun biyar sun ƙulla yarjejeniya da 'yan tawayen Kudu, duk da cewa kansu ya rabu, dubbai daga cikinsu sun yi yaƙi a ɓangaren gwamnatin tarayya. Da aka gama yaƙi sai Washington ta hukunta su gaba ɗaya. Sababbin yarjejeniyoyin 1866 sun tilasta wa Creek sallama rabin ƙasarsu ta yamma a kan santi 30 kowace eka, Seminole kuwa dukkan tasu a kan santi 15. Sharaɗin shi ne za a zaunar da wasu ƙabilun 'yan asalin ƙasa da 'yantattun bayi a wurin. An zaunar da wasu, aka bar tsakiya fayau, sai idon kamfanonin jirgin ƙasa da 'yan kasuwar garuruwan Kansas ya faɗa kanta. Wani mai suna David Payne ya riƙa jagorantar ayarin masu kutse, sojoji na korarsu suna dawowa, har ya rasu a 1884, magoya bayansa suka ci gaba. Matsin lambar ya yi aiki. A farkon 1889 aka biya Creek da Seminole ƙarin kuɗi domin a cire wancan sharaɗi, kuma ranar 23 ga Maris shugaba Benjamin Harrison ya shelanta ranar buɗewa.

Ƙa'idar rabon ta fito ne daga dokar gonaki ta 1862: duk wanda ya kama eka 160, wajen hekta 65 ke nan, ya zauna ya noma ta shekara biyar, ta zama tasa. Tseren bai tafi a kan adalci ba ko a tsakanin masu tseren kansu. Mutane da yawa sun saci jiki sun shiga tun kafin lokaci, suka ɓuya a kwazazzabai, wasu kuma ma'aikatan gwamnati ne da na jirgin ƙasa da suka yi amfani da aikinsu suka riga kowa. Shari'un da wannan ya haifar sun ɗauki shekaru. Su ne ake kira Sooners, kuma yau jihar da ƙungiyoyin wasannin babbar jami'arta da sunansu suke kirari. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ranar 16 ga Satumba, 1893, mutum fiye da 100,000 suka yi tsere mafi girma a kan eka kusan miliyan 6 na filin kiwon Cherokee, wanda aka matsa musu suka sayar. A shekarar ce aka kafa hukumar Dawes domin ta yanka ƙasar al'ummun biyar gunduwa-gunduwa ta raba wa ɗaiɗaikun mutane, dokar Curtis ta 1898 kuma ta rushe kotunansu. A faɗin Amurka, ƙasar da ke hannun 'yan asali ta ragu daga eka miliyan 138 a 1887 zuwa miliyan 48 a 1934.

Ɗaurin auren da ba a nemi yardar amarya ba

Da al'ummun biyar suka ga inda aka dosa, sai suka nemi mafita ta hanyar doka. A Agustan 1905 wakilansu suka taru a Muskogee, suka tsara kundin mulkin wata jiha tasu mai suna Sequoyah, masu zaɓe a yankin suka amince da shi a watan Nuwamba. Majalisar dokokin Amurka ta yi watsi da shi, shugaba Theodore Roosevelt kuma jiha ɗaya yake so. Ranar 16 ga Nuwamba, 1907, aka haɗa Yankin Oklahoma, inda aka yi tseren, da Yankin Indiyawa, ƙasar al'ummun biyar, suka zama jiha ta 46. A bikin rantsar da gwamna na farko, Charles Haskell, a Guthrie, aka shirya wasan ɗaurin aure: namiji a matsayin Yankin Oklahoma, mace a matsayin Yankin Indiyawa. Hoton ya shiga zukata har aka gina masa mutum-mutumi a garin. Sai dai amaryar da ake kwaikwayo, shekara biyu kacal kafin nan ta faɗa ta hanyar ƙuri'a cewa ɗakinta take so.

Baƙar fata ma suna da nasu lissafin game da wannan rana. Wasu sun zo yankin tun shekarun 1830 a matsayin bayin al'ummun biyar, wasu sun shiga tseren 1889, wasu sun biyo kiran mutane irin su Edward McCabe, wanda ya taimaka wajen kafa garin Langston a 1890 da fatan yankin zai zama mafakar baƙar fata. An kafa garuruwansu da dama, mafi shahara shi ne Boley, a 1903. Amma doka ta farko da majalisar dattawan sabuwar jihar ta gabatar, wadda aka zartar a Disamban 1907, ta raba taragun jirgin ƙasa da ɗakunan jira tsakanin farare da baƙaƙe. A 1910 aka ƙaƙaba sharaɗin da ya hana mafi yawansu zaɓe. Takaicin ya kai har a 1914 wasu manoma baƙar fata suka sayar da abin da suka mallaka suka bi wani ɗan kasuwa daga ƙasar da yau ake kira Ghana, Alfred Sam, wanda ya yi musu alƙawarin sabuwar rayuwa a Afirka ta Yamma. Mutum kusan 60 ne jirgin ya kwasa, tafiyar kuma ba ta yi kyau ba. Shekara goma sha huɗu bayan kafa jiha, a ranakun 31 ga Mayu da 1 ga Yuni, 1921, gungun fararen fata suka ƙone unguwar Greenwood ta Tulsa, gidaje fiye da 1,200 suka salwanta, ƙiyasin mamata ya kai har 300.

Abin da bukukuwan baya suka koyar

Yadda jihar ta riƙa tuna waɗannan ranaku ya nuna illar ɗaukar rana ɗaya. A 1968 aka cika shekara 100 da harin da Laftanar Kanar George Custer ya kai da asuba kan ƙauyen sarkin Cheyenne, Black Kettle, a bakin Kogin Washita, ranar 27 ga Nuwamba, 1868, inda aka kashe sarkin da matarsa da mata da yara. Masu shirya bikin suka nemi iyalan Cheyenne su fito a wasan kwaikwayon harin, ba tare da an gaya musu cewa wata ƙungiya da ke kiran kanta jikokin rundunar Custer za ta auko a kan dawakai cikin kakin soja tana harba bindigogi marasa harsashi ba. Lawrence Hart, ɗaya daga sarakunan sulhu na Cheyenne, ya sha ba da labarin firgicin da yara suka shiga a ranar. Abin da ya ceci taron shi ne jana'izar da dattawan Cheyenne suka yi wa ƙasusuwan wani da aka kashe a harin, da bargon da suka yafa wa shugaban mahayan don nuna sulhu. Darajar da ranar ta samu daga wajen waɗanda aka zalunta ta fito.

A 2007, da jihar ta cika shekara 100, an sake wasan ɗaurin auren a Guthrie, ɗaruruwan 'yan asalin ƙasa kuwa suka yi jerin gwano zuwa majalisar dokoki a Oklahoma City suna cewa su ba abin biki suka gani ba. An kashe kuɗi mai yawa a kan jerin mutum-mutumin tagulla na masu tsere, aikin Paul Moore, a tsakiyar Oklahoma City, babban birnin jihar. A 2014 hukumar makarantun gwamnati ta Oklahoma City ta dakatar da wasan tseren da yara ke yi a filin makaranta, bayan iyaye 'yan asali sun koka cewa ana sa 'ya'yansu kwaikwayon ƙwace ƙasar kakanninsu. Ƙone Greenwood kuwa shekaru da dama babu shi a littattafan makaranta. Sai a 1997 aka kafa kwamitin bincike, ya ba da rahoto a 2001, kuma sai a cikar shekara 100, a 2021, shugaban ƙasa mai ci ya je Tulsa don tunawa da abin. A shekarar ce aka buɗe gidan tarihin ƙabilu 39 na jihar a Oklahoma City. A nasu ɓangaren, Cherokee tun 1953 suke bikin kundin mulkinsu na 1839 duk shekara, kuma a 1984 matasansu suka fara bin hanyar korar kakanninsu a kan keke, tafiyar mil kusan 950 daga Jojiya zuwa Tahlequah. Ranakun suna nan duka, kowa dai na tuna nasa a zaurensa.

Amsa ga masu ja

Mai ja zai ce masu tseren nan talakawa ne, manoman da fari da bashi suka kora daga Kansas da Texas, baƙi daga Turai, zawarawa, 'yantattun bayi, kuma ba su suka rubuta dokar 1830 ko yarjejeniyar 1866 ba. Wannan gaskiya ne. Wanda ya haƙa rami a gefen tudu ya rufa da ciyawa ya zauna da iyalinsa, ya karya saurar da garma ba ta taɓa shiga ba, ya jure shekarun farko na ƙarancin ruwa, ya cancanci jikokinsa su yi alfahari da shi. Amma girmama wahalar manomi ba ta buƙatar a ce filin faɗowa ya yi daga sama. Jikan da ya san kakansa ya sha wuya, ya kuma san ta wace hanya gonar ta zo hannun gwamnatin da ta raba ta, ya fi sanin kakansa a kan wanda aka ba rabin labari. Laifin yana kan masu tsara manufar da masu cin ribarta, kuma sai an faɗi labarin duka ake iya ɗora shi a inda ya dace.

Wani zai ce ai su ma al'ummun biyar hannunsu ba a wanke yake ba: sun mallaki bayi, sun haɗa kai da Kudu, kuma ƙasar da aka ba su ta Osage ce da wasunsu. Wannan ma gaskiya ne, kuma hujja ce ta ƙara ranaku a kalanda. Yarjejeniyoyin 1866 da suka rage musu ƙasa su ne suka 'yanta bayinsu, don haka shekarar asara ce ga wasu, shekarar 'yanci ga wasu. Jikokin waɗannan bayi sun daɗe suna shari'a kan haƙƙinsu na zama 'yan ƙasa a cikin al'ummun. A 2017 kotun tarayya ta ba jikokin bayin Cherokee gaskiya, a 2021 kuma kotun ƙolin Cherokee ta goge sharaɗin jini daga kundin mulkinsu. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Al'ummar da ta duba nata tudun ta gyara tana da bakin neman jiha ta duba nata.

Akwai kuma masu cewa biki ba aji ba ne, tone-tone na raba kan jama'a, a bar kaza cikin gashinta. Amsar ita ce rabuwar kan tana nan tun da, shiru ne kawai ya lulluɓe ta, kuma wanda aka cire daga labari shi ke ɗauke da nauyin shirun. Masaniyar tarihi Angie Debo ta rubuta littafin And Still the Waters Run a kan yadda aka yi amfani da kotuna da waliyyan bogi aka wawashe gonakin 'yan asali bayan rabon Dawes. Maɗaba'ar jami'ar jihar ta ja da baya saboda manyan mutanen da aka ambata a ciki, sai a Princeton aka buga shi a 1940. Ɓoye wannan bai sa waɗanda aka cuta sun manta ba, ya dai hana maƙwabtansu fahimtar dalilin fushinsu.

Hujja mafi ƙarfi ita ce waɗannan ranaku har yau suna aiki a gaban alƙali. Ranar 9 ga Yuli, 2020, Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke hukunci a shari'ar McGirt cewa majalisar dokoki ba ta taɓa rushe keɓaɓɓiyar ƙasar Creek ba, don haka ta fuskar manyan laifuffukan da suka shafi 'yan ƙabila, yankin, har da babban ɓangaren Tulsa, yana nan a matsayinsa. Alƙali Neil Gorsuch ya kafa hukuncin a kan yarjejeniyoyin shekarun 1830 da ta 1866. Daga baya kotunan jihar suka faɗaɗa shi zuwa ƙasashen sauran al'ummun huɗu, ko da yake wani hukunci na 2022 ya rage masa kaifi. Mutane da yawa a jihar sun cika da mamaki, kuma mamakin ɗan kalandar da aka koya musu ne. Wanda aka ce masa tarihi ya fara a 1889 ba shi da hanyar gane dalilin da takardar 1866 za ta yanke wace kotu ce za ta saurari shari'ar yau. Alƙawari kaya ne, kuma tsufa ba ya sauke shi.

Shekaru masu zuwa za su ba jihar dama. A 2030 dokar korar za ta cika shekara 200. A 2039 kuwa ranaku biyu za su haɗu: shekara 200 da kundin mulkin Tahlequah da ƙarshen Tafarkin Hawaye na Cherokee, da shekara 150 da tseren Guthrie. Ya kamata gwamnatin jihar da hukumomin makarantu da gwamnatocin ƙabilu su zauna tun yanzu su tsara tunawa ɗaya, wadda jikan mai tsere da jikan wanda aka kora da jikan bawa za su sami wurin zama da bakin magana a cikinta, a koya wa yara ranakun a jere, kowace da dalilinta da wanda ya biya farashinta. Idan aka sake yin bikin 1889 shi kaɗai, an zaɓi mantuwa ne da gangan, domin yanzu babu wanda zai ce bai sani ba.